Irin da Na Kai Kotu

Litinin, 7 ga Afrilu 1980, da hantsi

Matata Safara'u ta ce tun da na fara magana ni kaɗai a bayan gida, gara in nemi littafi, ko maƙwabta sa huta. To ga littafin. Ragowar na Kaduna ne, zamanin da nake lauyan masu masaƙa, ina da mota mai sanyi da tumbi. Tumbin yana nan.

Shekara huɗu ke nan da na dawo Talata Mafara na zama lauyan Ƙungiyar Ceton Fadama, wadda ba ta neman riba, kuma Allah ya amsa mata. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne kusa da masu faci. Babbar ƙararmu ma ɗaya ce. Tun da aka datse gulbi a Bakolori, cikowa ta daina zuwa fadamar Bakura. Muna roƙon kotu ta sa a riƙa sakin ruwa a lokacinsa, ko na wata biyu ne. Sunan da ke bisa fayil shi ne Nasidi na Birnin Tudu, sai wasu mutum ɗari biyu da sha ɗaya da suka dangwala yatsa.

Ba wannan ke damuna ba. Tulu ne.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya tsaya gaban alƙali ya ce babu wata shinkafa da ke bukatar a nutsar da ita, manoma su shuka ta zamani su yi ban-ruwa kamar kowa. Sai na tuna Inna Marka, mahaifiyar Nasidi, tana da wani iri da suke kira ta-Hindu, da sunan kakarta da ta zo da shi cikin kayan aure. Ja ce, mai bin ruwa. Gulbi ya ƙaru da taki ɗaya, ita ma ta ƙaru da taki ɗaya, har ta fi mutum tsawo, a girbe ta cikin kwalekwale. Damina biyu ba cikowa, kowa ya cinye nasa irin. Tulunta kaɗai ya saura. Na roƙe ta tiya ɗaya in nuna wa alƙali. Ta ce ba a fasa bakin tulun iri sai ranar shuka, in ɗauke shi ɗungurungum, alƙali ya gani, in maido mata ranar Alhamis.

Alƙali ya gani. Ya karɓa a matsayin shaida, ya sa aka liƙa lamba. Abin da kotu ta karɓa kuwa ba ya fita sai shari'a ta ƙare. Na san haka tun ina ɗalibi. Har jarrabawa na ci a kansa.

Alhamis uku ke nan.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Ranar kasuwa. Nasidi ya shigo da kekensa da buhun albasa. Ina hango shi na jefa baƙar rigar kotu bisa abin da ke ƙarƙashin tebur. Muka yi gaisuwa har ta kai ga jakinsa da ya yi ɗingishi bara.

"Lauya, Inna tac ce in tambaye ka, wace Alhamis kaka nuhi? Ta bana ko ta baɗi?"

Na ce masa kotu tana da tsarinta.

"Shinkahwa ma tana da nata. Na ƙare kaftu a Tabkin Sambo, na sassare ƙasa da hwartanya. Nan ɗai ruwan sama ka taruwa yanzu har shi kai wuya. So muke a bizne ta kahin ruwan hwari. Kuma ka san shekara ukku iri ka yi cikin tulu. Bana ita ta ta ukku."

Na ce na sani.

"Kai komi ka sani, Lauya. Shi yas sa munka ɗauke ka."

Ya zube mini albasa biyar a kan fayil, ya ce in sa ɗaya cikin hular gashin nan ko ta sake wari. Daga nan bakin hanya za shi, inda mutanensu suka yi kwanaki a zaune sun hana tifofin kamfanin da ke aikin dam wucewa. Na ce a matsayina na lauyansa ina ba shi shawara ya koma gida. Ya ce a matsayinsa na manomi yana ba ni shawara in tafi kotu.

Alhamis, 10 ga Afrilu, la'asar

An ɗage.

Na leƙa wurin Ɗantani, mai riƙe da makullin ɗakin kayan shaida. Ɗakin rufin kwano ne, ba taga. Da ya buɗe ƙofa sai da muka ja da baya, kamar an buɗe tanda. A ciki akwai adda uku, keken sata, akwatin rediyo, da wata ƙofa da ’yan'uwa biyu suka yi shekara shida suna shari'a a kanta.

"Yallaɓai, buhunka na nan lafiya," in ji shi. "Ga shi can tsakanin adda da rediyo. Ko ɓera ya san doka a nan."

Na ce ko zan iya sa hannu in duba. Ya nuna mini jan hatimi. Ya ce shi da ke da makulli ma bai isa ba.

Buhu ya ce. Ban gyara masa ba, don bai yi kuskure ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

Na rubuta takardar roƙo a sake mana kayan shaida. Shafi tara. Ban da tafireta ba wanda ya karanta.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan magariba

Na yini a Maradun. Jatau, shugaban ƙungiyarmu, mutumin Tsibiri, ya matsa sai ya kai ni in ga gonarsa, wai lauya ba ya kare abin da bai gani ba. Muka shiga kwalekwale. Muka yi ta tafiya bisa ruwan dam mai faɗin da ba a ganin ƙarshensa, har muka zo inda kawunan itatuwa suka leƙo, busassu, farare, tsuntsaye sun yi musu kashi.

"Ga ta nan," in ji shi. "Waccan ɗorawa ubana yash shuka ta. Daga ita zuwa tsamiya tawa ta. In kana son ganin iyaka, Lauya, tuɓe ka nutsa."

Na ce na yarda da maganarsa.

"Kai ɗai."

Na sama ruwa ya cinye su, na ƙasa ƙishirwa. Ni kuma ina tsakiya da jakar takardu, ina ƙoƙarin kada ta jiƙe.

Laraba, 16 ga Afrilu, da safe

Na fito da littattafai duka na baza a tabarma, na Turawa gefe, na malamai gefe. Na Turawan sun ce mai gona a bakin kogi yana da haƙƙin ruwa ya iske shi yadda ya saba. Na malaman sun ce na sama ya sha har idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun yi ittifaƙi, abin sha'awa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faɗi abin da za a yi in na saman yana da katafila.

Safara'u ta ce in kwashe, za ta shanya barkono.

Alhamis, 17 ga Afrilu, azahar

Alƙali ya tafi ta'aziyya. Alhamis.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je Birnin Tudu.

Rabona da hanyar wata guda, na kusa ɓata. Ba gawo, ba kuka, ba gamba a iyakar gona. An baje ƙasa sumul kamar faranti, an ja mata magudanai na siminti. Da da itatuwa ake kwatance a nan. Yanzu sai lambobi a jikin turaku.

Na iske manoman zaune a bakin hanya, sun gitta itace, sun kafa rumfunan zana. Tsofaffi sun fi yawa. Wani ya ɗaga murya: "Ku buɗe ma lauya, shi ba ya ɗauke da komi!" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Inna Marka tana tsakar gida da rariya, tana tankaɗen toka. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Ta tambayi Safara'u, ta tambayi hanya, ta tambayi zafi, ta tambayi alƙali da iyalinsa. Sai can ta ce, "Ɗiyana, ina baƙuwarka?"

Na ce tana nan lafiya, alƙali ne ya ga abin ya burge shi, yana son ya ƙara dubawa.

"Allah sarki. Ai duk wanda yag gane ta sai ya so ta." Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce wannan tokar ta irin baɗi ce, ta karan dawa, sai an tankaɗe sau uku. A zuba toka, a zuba shanshera, wato shinkafar da ba a surfa ba, a zuba toka, har tulu ya cika, a liƙe baki da yumɓu. "Toka ita ka hana ƙwaro, tulu shi ka hana zahi. Haka Hindu tag gwada ma uwata. In dai ba a taɓa bakin ba, ba ni da hwargaba. Ba a taɓa ba ko?"

Na ce ba a taɓa ba.

Bari in rubuta, tun da littafi ba shi da ido. Ana gobe zaman kotu, da rana tsaka, na ƙwanƙwashe yumɓun da bayan cokali, don alƙali ba zai karɓi shaidar da bai ga cikinta ba. Na leƙa na ga toka. Sai na hango kaina a gaban lauyan nan mai kwat daga Ikko, ina zazzage shara bisa teburin kotu. Na ji kunya. Na ari rariyar Safara'u na tankaɗe tas, na sheƙe, na juye a farin buhun fulawa da aka wanke. Har alƙali ya yaba da tsabtar shaidata.

Tulun yana ƙarƙashin teburina. Ba komai a ciki.

Alhamis, 24 ga Afrilu, la'asar

An ɗage duk wata ƙara da ta shafi dam zuwa 29 ga Mayu, sai hankali ya kwanta. Na tashi na yi maganar takardar roƙona. Aka ce ita ma ta shafi dam.

A hanyar dawowa manyan motocin ’yan sanda rufe da tamfol sun wuce mu. Na ƙirga har tara, sai direbanmu ya ce in daina nuna su da yatsa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da sassafe

Ƙarar da ta tashe mu ba tsawa ba ce, ta bindiga ce. Sama wasai take.

Asabar, la'asar

Hayaƙi ta wajen Bakura. Safara'u ta rufe tagogi. Tuwon rana yana nan yadda aka kawo shi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, azahar

Ba a barin kowa ya wuce.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Kasuwa ba ta ci ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Talata irin wannan ba a garin da sunansa ke nan. Masu faci sun rufe. Na zauna a ofis ƙofa a buɗe, ko wani ya shigo da keke.

Saura albasa biyu. Ɗaya ta fara tsiro.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan magariba

Na je Birnin Tudu.

Ba zan rubuta ba. Na yi shekara ashirin ina gaya wa shaidu su faɗi abin da suka gani da idonsu kawai, ba ƙari ba ragi. Yau na gane abin da nake nema daga gare su.

Tokar da Inna Marka ta tankaɗe tana nan, ina tsammani. Ba a iya bambanta ta da sauran tokar garin.

An ce Inna Marka tana Ruwan Gizo wurin ƙanenta. Na tambayi Nasidi. Wanda na tambaya ya dubi ƙasa, ya ce mini ina gajiya.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Kwana uku ina yawo da fayil, daga asibiti zuwa wuraren da ake tsare mutane. In tsaya a ƙofa in karanta sunaye, a ce akwai, ko babu, ko a ce in matsa. A ƙofa ta huɗu na lura wani mai kaki yana rubuta abin da nake karantawa. Na rufe fayil ɗin. Ko a nan ma ni ne mai tsabtar aiki, na jera musu sunaye bi da bi har da unguwa.

Na sami wasu. Ban sami Nasidi ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da dare

Safara'u ta ce, "Malam, ka lura da abu ɗaya kuwa? Da ka maida mata tulun nan ranar Alhamis ɗin, da yanzu ya ƙone da ɗakin."

Na riƙe wannan magana yini guda kamar wanda aka ba ƙanƙara. Ashe ni ne na ceci ta-Hindu. Ashe jinkirin kotu rahama ne. Har na ci abinci na ƙara.

Da la'asar ta narke. Safara'u ce ta ara mini rariyar, ta san abin da ke cikin ɗakin Ɗantani. Tausayi ne kawai.

Lahadi, 11 ga Mayu, la'asar

Ruwan Gizo. An ba Inna Marka ɗakin da ake ajiye kara. Ta rame, amma gaisuwar ba ta ragu ba ko kaɗan, har alƙali da iyalinsa.

Ƙanenta ya ja ni gefe ya ce sun so a yi zaman makoki da sadakar uku, ta hana. Ta bakwai ma ta hana.

"Mi za a yi ma sadaka?" in ji ta, don ta ji mu. "Yaron da yay yi kaftu da hannunai? Ya san ya bar aiki. Ɓoyewa yay yi, in ƙasa ta kwanta shina zakkuwa. Kai dai, ɗiyana, kawo man tuluna, in yad dawo shi ishe iri."

Na ce ranar 29 ga wata.

"Wace rana ta?"

Na ce Alhamis.

Ta gyaɗa kai. Da ta yi mini ba'a irin ta ɗanta, da na ji sauƙi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba kotu. Na sa rigar, na cire.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

An yi ruwan fari. Duk gari ƙamshin ƙasa. Yara suna tsalle a kwata, ni ina tsaye a ƙofa ina jin haushin girgije.

Na aika a tambayo Inna Marka. Ta ce ba a makara ba tukuna. Kafin ruwa ya kwanta a Tafkin Sambo akwai kamar mako biyu, in an yi sa'a uku.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

Takarda ta zo daga lauyan Ikko. Gobe zai roƙi a kori ƙarar, tun da mai ƙara na farko ba ya halarta, sauran ma ba a ganinsu. Da ladabi ya rubuta. Ya ce in Nasidi ya rasu ne, a kawo shaidar rasuwa.

Jatau ya zo. Na shimfiɗa masa abin a fili. In na tashi na nemi lokaci, za a ba ni, ba makawa, sai bayan hutun kotu, watan Satumba. Ƙara ta rayu, buhu ya ci gaba da zama tsakanin adda da rediyo. In ban tashi ba, a kori ƙarar, a ba ni buhun a ranar. Kuma ba za mu iya sake shigar da ita ba. Wa zai sake dangwala yatsa a takardata?

"Mutum ɗari biyu da sha biyu, Lauya," in ji shi. "Shekara nawa muna tara su."

Na ce na sani.

"In anka ci nasara, ruwa na zakkuwa?"

Na ce ban sani ba.

"Yau dai ka hwaɗi sabuwa." Ya daɗe yana murza hularsa. "In ruwan yaz zo kuma ba iri, mi za shi ishe? In ga iri ba ruwa, tabki guda na. Ni ban ce komi ba. Kai kak karanta."

Da zai fita ƙafarsa ta bugi tulun. Ya ji ƙarar abin da ba komai a cikinsa. Ya dube ni, ya dubi tulun, ya ce a gai da gida.

Alhamis, 29 ga Mayu, la'asar

Lauyan Ikko ya yi magana minti shida, cikin Turanci mai kyau. Alƙali ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ya jira. Mutumin kirki ne, har alƙalaminsa ya ajiye. Ya ce, "Malam Balarabe, ko kana da abin cewa?"

Abin da ake bukata shi ne in dafa tebur in miƙe. Na yi haka sau dubu a rayuwata, wani lokaci a kan abin da bai kai akuya ba.

Na dubi hannuwana.

An kori ƙara.

Ɗantani ya sa na sa hannu wuri uku. Ya ce, "Yallaɓai, kai ne na farko da ya faɗi shari'a ya zo karɓar kaya da gudu." Da ya miƙo buhun na ji bai kai nauyin da na sani ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, da safe

Na yanke hatimin. Ƙwari suka fito suna tafiya a hannuna, ƙanana, baƙaƙe, ƙosassu. Ƙasan buhun gari ne.

Wata biyu da kwanaki, a ɗaki mai makulli, ƙarƙashin kariyar doka.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan la'asar

Na yi tunanin in juye a tulun, in nemo toka, in liƙe da yumɓu. Har na kwaɓa yumɓun. Safara'u ta tsaya a kaina tana kallona, har na wanke hannu.

Na kai wa Inna Marka su biyu, tulu a hannu ɗaya, buhu a ɗaya.

Ta dubi tulun, ta dubi buhun. Ba ta tambayi alƙali ba. Ta kwance bakin, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo, ta shinshina. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori, ta murƙushe ba ƙara.

"Ina tokar?"

Na faɗa mata. Duka, har rariyar, har lauya mai kwat, har yabon alƙali. Ban taɓa gabatar da bayani mai tsari irin wannan ba.

"Kunya kaj ji," in ji ta.

Na ce i.

"Ta toka."

Na ce i, Inna.

Ta sa aka kawo faifai. Ta yi ta sheƙewa, iska tana ɗaukar abin da ƙwari suka bari, kaji suna bi. Na ce akwai masu kyau a ciki, a gwada Tafkin Sambo, ni zan ɗauki ma'aikata. Ta ce abin da zafi ya dafa ko ƙwaro bai ci ba ya mutu, ba za ta zuba wa kaftun ɗanta gawa ba. Abin da ya saura bai cika ƙwarya ba. Ta kira ƙanenta.

"Ranar Alhamis kwana nawa ke nan?"

Ya ce arba'in.

"To a hwaɗa ma liman. Wannan a surhe, a dahwa. Shina son ta da man shanu."

Ƙanen ya juya baya ya fita da sauri.

Da zan tafi ta damƙi kaɗan ta zuba mini a aljihun riga. "Ungo. Kai ma ka wahala da ita. Ka aje cikin takardunka."

Ban san ko gafara ce ko hukunci ba. Ban nemi ƙarin bayani ba.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

An yi sadakar arba'in. Mutane kaɗan ne, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Aka ba ni loma biyu a faranti. Ja ce, tana da ɗanɗanon da ban san da shi ba, kamar gyaɗa, kamar ƙasa bayan ruwa. Shekara biyu ina kare ta a gaban alƙali, yau na fara sa ta a baki.

Na maido mata ranar Alhamis, in an bi ta wani lissafin.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Na juye aljihun. Na jera ƙwayoyin bisa jiƙaƙƙen buhu a inuwa, na rufe. Ba don komai ba. Ba ni da ƙara, ba ni da aiki, tafireta ma ta huta.

Laraba, 11 ga Yuni, da safe

Huɗu sun fasa. Farin abu kamar bakin allura.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Na sa masu faci sun yanke mini saman duro. Na je Tafkin Sambo da bokiti na ɗebo laka. Ruwa ya fara kwanciya, ciyawa ta rufe kaftun, amma har yanzu ana ganin inda fartanyarsa ta bi, layi-layi. Ban daɗe ba.

Na dasa su a gindin duron. Ba ta yi sai ruwa yana tashi tana bin sa, saboda haka kowace safiya zan ƙara yatsa ɗaya.

Safara'u ta leƙa ta ce, "To, Malam, yanzu kai ne gulbin."

Na ce aƙalla ni ba a datse ni ba. Ta ce in bari ta gani tukuna.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Saura uku. Kasuwa ta ci, rabi-rabi. Ba wanda ya shigo.

Asabar, 21 ga Yuni

Biyu. Ban san me na yi ba. Na duba littattafai, na Turawa da na malamai.

Alhamis, 26 ga Yuni, azahar

Ɗaya. Ta kai kamu guda, siririya, kanta a saman ruwa.

Jatau ya zo da hantsi, rabona da shi tun ranar sadaka. Ya tsaya a kan duron ya daɗe. Ya ce ko ta yi, zangarniya nawa za ta ba da, kuma a ina za a shuka, kuma wa zai yi kaftu. Na ce ban sani ba. Ya ce na fara sabawa da kalmar.

Sai ya ciro wani ƙulli a tsumma daga aljihu ya ajiye bisa tebur, inda fayil ɗin yake da. Ya ce daga Ruwan Gizo ne, masu faci suka ba shi labarin duron, shi kuma ya kai wa Inna Marka. Na kwance. Toka ce, mai laushi, an tankaɗe.

Na ce ta ce wani abu?

"Tac ce in ta yi, ka aje ta da tokar, kar ka wanke."

Na sa ƙullin cikin tulun. Na ƙara ruwa yatsa ɗaya.